Mai Hoton Bishiya

A unguwarmu a Bauchi, in ka zo neman gidana da sunana na yanka, ba lallai yara su gane ba. Amma ka ce gidan mai hoton bishiya, ko yaron da bai daɗe da yaye ba zai ja ka har ƙofar zaure. Da tsiya aka laƙaba mini sunan, na kuma yi kusan shekara ina jin haushinsa. Yanzu kam da an kira nake waiwayawa.

Sana'ata tun asali hoto ce, hoton mutane. Ina ɗan shekara goma sha bakwai mahaifina ya damƙa ni hannun wani mai situdiyo a wajen Wunti. Zamanin fim ne, naɗi ɗaya hoto 36, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke. In amarya ta ƙifta ido, sai bayan kwana uku za ka sani, lokacin biki ya watse. Wannan ya sa maigidana ya horar da mu da tsantseni, ba ka danna maɓalli sai ka tabbata. Ranar Sallah layi har bakin titi. Muna da labule mai zanen dogayen benaye da jirgin sama, da kujerar roba, da wata tukunyar furen roba da kowace budurwa sai ta riƙe. Shekara ashirin da wani abu ina ɗaukar furen nan na roba, ban taɓa durƙusawa gaban furen gaske ba.

Na samu 'yancin kaina, na buɗe shago, na yi aure, Allah ya ba da zuri'a. Da wayar salula ta shigo a 2001 ba mu ɗauke ta kishiya ba. Sai da ta fara zuwa da kyamara a bayanta muka gane inda aka dosa. Kafin ka ce kwabo, amarya ta fi son ƙawarta ta ɗauke ta, mu aka bar mu da fasfo na masu neman aiki da 'yan makaranta. Korona ta zo a 2020 ta ƙarasa abin da ya rage: an hana taro, an rufe makarantu tun watan Maris. Na sayar da injin buga hoto, na sayar da janareto, na mayar wa mai shago makullinsa. Kyamara ɗaya ta tsira, wata Nikon ta hannu, ita ma don matata ta ɓoye ta ne a ƙasan akwatin kayanta. Na nema, na yi faɗa, ta ce, "Malam, ka sayar da katifa in ka ga dama, amma wannan ba za ta fita gidan nan ba."

Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su. Ina wuni a benci a majalisa, ana gardamar siyasa ina jefa baki, alhali zuciyata ba ta wurin. Da dare ba barci. Mutumin da ya saba fita tun hantsi, in aka ce yau ba inda za shi, ko ba a faɗa ba ciwo ne.

A farkon 2021, sanyin hunturu bai gama sauka ba, ɗiyar yayata ta zo gaishe mu. Tana karatun ilimin tsirrai, tana shekarar ƙarshe, an ba ta aikin bincike kan itatuwan gida da ke lambun tsirrai na makarantarsu, kuma ana son hotuna masu kyau. Ta ce, "Kawu, wayata ba ta fitar da su. Don Allah ka taimake ni." Na ce mata ni mutane nake ɗauka, ba itace ba. Matata ba ta ce uffan ba, ta shiga ɗaki ta fito da kyamarar ta ajiye a gabana, har da batir a cike. Ashe sun gama ƙulla abinsu.

Ni a zatona lambu shi ne inda ake shuka latas da tumatir, ko inda masu kuɗi ke kai yara lilo. Yarinyar ce ta fahimtar da ni a hanya cewa lambun tsirrai wani abu ne dabam. Wuri ne da ake tara itatuwa da ciyayi da ransu, kowanne da sunansa a allo, don masu karatu su gan su a tsaye maimakon a takarda. Ta ce na Kew da ke Landan tun 1759 yake, na Jami'ar Ibadan kuma tun 1948. Nasu ƙarami ne, shingen waya ne da 'yar ƙofa, wasu allunan ma sun yi tsatsa har ba a karanta su sosai. Amma da muka shiga na ji iska ta sauya, wuri ya yi tsit, sai kukan kurciya.

Ta buɗe littafinta ta ce, "Kawu, mu fara da marke." Na gyara tsayuwa irin ta gwanaye, na nufi wata doguwar bishiya na fara saita kyamara. Sai na ji dariya a bayana. Wani tsoho ne da garwar ban ruwa a hannu, wando a naɗe har gwiwa.

"Malam, wannan ai madaci ne. Ɓantari ɓawon ka sa a baki, ba sai an gaya maka ba."

Na ce, "Baba, kama suka yi mini."

"Kai ɗan ina ne?"

"Ɗan Bauchi."

"Cikin ganuwa?"

Na ce e.

"To shi ya sa. Ku marke a murhu kuka san shi, ba ku san shi a tsaye ba."

Kunya ta lulluɓe ni, ga ɗiyata tana danne dariya da littafi. Mutum ya haura arba'in, ya ci tuwon da aka dafa da marke tun yana goye, amma bai iya nuna shi ba. Baba ya ja ni ya nuna mini. Marke ganyensa ƙanana ne, jikinsa fari-fari mai dabbare-dabbare inda ɓawo ya ɗaye. Madaci kuwa ganyensa jere suke a kan tsinke ɗaya, ɗansa kamar ƙwallon katako, in ya bushe ya tsage gida huɗu. Ko makaho da lalube zai raba su.

Duk da haka na ɗauki hotuna ranar, kuma a ganina sun yi kyau. Na ɗauki bishiyoyi da rana a bayansu, na ɗauki reshe ya ratsa sama. Bayan kwana biyu yarinyar ta dawo fuska ba walwala, wai malaminta ya ce hotunan na kalanda ne, ba na ilimi ba. Abin da yake so ga kowane itace shi ne a gan shi gaba ɗaya daga nesa, a ga ɓawonsa kusa, a ga ganye ciki da bai, a ga fure, a ga ɗa, kuma a ajiye wani abu a gefe, ko biro ko ashana, don mai kallo ya san girman abin. Raina ya ɓaci, na ce wane ne shi da zai koya mini hoto. Da na huce na ga gaskiyarsa. Kuma a nan ne tarkon ya kama ni, domin itace ba ya ba ka fure da ɗa a rana ɗaya. Dole ka yi ta dawowa.

Ranar da na koma ni kaɗai ce ba zan manta ba. Baba ya kai ni wani ɓangare mai duwatsu, ya tsaya gaban wata bishiya marar ganye, jikinta na saɓa kamar takarda mai shara-shara. Ya sa farce ya karce ta kaɗan, wani ɗan ƙaro ya tsattsafo, ya murza a yatsa ya kai mini hanci. Wallahi ƙafafuna suka yi sanyi. Ƙamshin ɗakin Inna ne. Mahaifiyata 'yar ƙauye ce daga ƙasar Alkaleri, aure ya kawo ta birni, kuma har ta rasu ba ta rabu da ƙullin sassaƙe-sassaƙe a ƙarƙashin gado ba. In zazzaɓi ya kama ɗayanmu ta dafa ɓawo ta ba mu, da magariba ta jefa ƙaro a kasko ta turara ɗaki. Mu kuwa da muka shiga boko muna yi mata dariya, muna cewa kayan ƙauye. Ban taɓa tambayarta sunan ko ɗaya ba.

"Hano ke nan," in ji Baba. "Wasu su ce ararraɓi."

Na zauna a kan dutse na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarta. Baba bai tambaye ni komai ba, ya ɗauki garwarsa ya ci gaba da ban ruwa. Da na natsu ya dawo ya ce, "Allah ya jiƙan wanda ka tuna."

A allon bishiyar nan an rubuta Boswellia dalzielii. Ba hano, ba ararraɓi. Da na bi diddigi sai na gano sunan na biyu na wani likita ne ɗan Sikotilan, Dalziel, wanda ya yi aiki a ƙasar nan zamanin Turawa, har ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916. Ɗorawa kuma Parkia take a allo, sunan Mungo Park ke nan, wanda ya mutu a Busa a 1806. Kuka ita ce Adansonia, don wani Bafaranshe Adanson da ya gan ta a Senegal. Ba na jin haushin mutanen nan, sun yi aiki, sun rubuta, mu ba mu rubuta ba. Kuma sunan kimiyya yana da amfaninsa, shi ke sa ɗan Bauchi da ɗan Indiya su san itace ɗaya suke nufi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a lambun da ke tsakiyar ƙasar da itatuwan suka tsiro, babu allo ko ɗaya da Inna za ta ji an karanta ta ce na san shi. Baba ya san kowane itace a wurin amma ba ya karanta boko. Ni ina karanta allo amma ban san itace ba. Haka muka zama makaho da gurgu, kowa ya ari abin da ɗan'uwansa ke da shi.

Aikin yarinyar ya ƙare, ta samu sakamako mai kyau, ni ban daina zuwa ba. Na nemi izini a wurin masu kula da lambun suka ba ni. Sai na tarar duk abin da na sani a situdiyo rabinsa bai da amfani a nan. A situdiyo kai ke da haske, ka kunna ka kashe. Mutum kuma ka ce masa ɗaga haɓa, ya ɗaga. Fure ba ya jin magana. Da na matsa kusa da shi sosai, wurin da ke fita tangaram bai fi kaurin ƙwayar gero ba, iska kaɗan ta kaɗa shi ke nan hoto ya dushe. Saboda haka na koma fita bayan sallar asuba, kafin iska ta tashi. Rana tsaka kuwa ɓata lokaci ne, ganye na ƙyalli, inuwa ta yi baƙi ƙirin. Hazon hunturu da kowa ke tsinewa shi ya zama abokina, domin yana tace rana kamar an shimfiɗa farin ƙyalle a sama, launi ya fito a natse. Illarsa ƙura. Sau ɗaya na kuskura na sauya gilashin kyamara a fili, na yi wata guda kowane hoto da ɗigo-ɗigo a sama. Kayan aikina kuwa abin dariya ne: murfin tukunyar silba na maido da haske ƙarƙashin ganye, sai tsohon baƙin hijabin matata da nake ratayawa a bayan fure.

A hunturun nan na ga gurjiya ta zubar da ganye kaf ta fito da jajayen furanni a kan rassa tsirara. Na ga furen ɗorawa, ja, dunƙule, yana reto a dogon tsinke kamar tuntun hular dara. Ni da na sha kunun ɗorawa na ci miyar daddawa duk rayuwata, ban san haka kalwa ke faro rayuwarta ba. Na yi safiya uku a ƙarƙashin wani kauci ina jiran sha-kauci, ɗan tsuntsun nan mai siririn baki da ba ya minti a wuri ɗaya. Da damina ta sauka kowa ya yi kore, sai ga gawo ya kaɗe ganyensa ya tsaya fayau. Na zaci mutuwa ya yi. Baba ya ce haka halinsa yake, da rani yake ganye, shi ya sa manomi ke son sa a gona: ba ya tare wa gero rana, ga taki a gindinsa, ga abincin dabbobi lokacin da ciyawa ta ƙare.

A unguwa kuwa magana ta bazu. An ga ina fita da duhu da hijabi da murfin tukunya a jaka. Wani abokina na majalisa ya ja ni gefe ya ce, cikin tausayi, in akwai abin da ke damuna ya san wani malami.

Sai ga maganar kuka, wadda ta ƙarasa ɓata mini suna. Baba ya gaya mini furen kuka ba ya buɗewa da rana. Da farkon damina yake fitowa, yana rataye kai ƙasa, ya fara tsagewa da la'asar sakaliya, ya buɗe da almuru, kashegari ya yi ja-ja ya faɗi. Kwana ɗaya tak. Jemagu ne ke zuwa shan ruwansa da dare, su ne kuma ke kai garin wannan fure ga wancan har a samu ɗa. Na ce sai na gani da idona. Na yi sallar magariba a gindin kukar, na kafa kyamara a kan ƙafa uku, na zauna. Kuma na gani. Koren kwanson ya dare, ya naɗe baya a hankali, farin fure kamar tafin hannu ya sauko, da wani dunƙulen zare-zare a ƙasansa kamar burushin aski. Idona biyu, abin yana motsi ina kallo. Na yi ta tasbihi. Warinsa dai ba daɗi, wani bashi-bashi, amma da alama jemage shi yake so.

Wajen ƙarfe tara suka fara zuwa. Na saki filasha sau ɗaya, sau biyu. A na uku na ji an daka tsawa, ga tocila a fuskata, ga gora a sama. Mai gadin dare ne, ba wanda ya gaya masa da ni. Shi abin da ya gani daga nesa walƙiya ce a gindin kuka ba hadari, ga baƙin ƙyalle na kaɗawa a reshe. Kowa ya san abin da ake faɗa a kan kuka da dare. Bawan Allah ya yi ta maza ya matso yana karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, muryarsa na rawa. Da ya ga mutum ne sai tsoro ya koma fushi, ya tasa ni gaba har ɗakin masu gadi, wai ko ɓarawo ne ni ko mai tsafi. A nan na kwana sauro na cizo, sai da Baba ya zo da safe ya karɓe ni, yana dariya har da riƙe ciki. Hotunan kuwa, fure ya fito tsaf, jemage sai gefen fiffike.

A bara waccan na ɗauki kyamara na tafi ƙauyen su Inna, da niyyar in ɗauki itatuwan da ta taso a cikinsu. Wani ƙaninta da ya tsufa ya zaga da ni. Yawancin abin da ya nuna mini kututture ne. Nan kirya ce, an yi gawayi. Nan marke ne. Can madobiya ce, masu katako suka zo da injin yanka, su madrid suke ce mata, ana lodinta zuwa ƙasar Sin. Tun 2017 aka sa madobiya cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES, mai kare tsirrai da namun daji, ta sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa, amma kututturen da na gani ba su san da wannan ba. A hanyar dawowa buhunan gawayi ne jere a bakin titi, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 sai abin da ya ƙaru. Ba zan yi wa kowa wa'azi ba, domin a gidana ma da gawayi ake girki, gas ya fi ƙarfina. Na dai ɗauki kututturen, na rubuta sunan kowanne yadda kawuna ya faɗa.

Daga can na ratsa Yankari, tunda hanya ɗaya ce, ka bar titin Gombe a Dindima ka miƙe har ƙofar Mainamaji. Mutane na rububin giwa da wanka a Wikki, ruwan da ɗuminsa ba ya sauka daga digiri 31 rani da damina. Ni ina ta roƙon direba ya tsaya in ɗauki wata madobiya da ta yi ruwan ɗorawa da fure tun daga sama har ƙasa. Tun 1956 aka keɓe dajin, shi ya sa ta kai wannan girman. Wata mata a motar ta ce wa mijinta, a hankali wai kar in ji, "Wannan lafiyarsa ƙalau kuwa?"

Ban yi arziki da wannan aiki ba, kar wani ya ji labari ya sayar da shagonsa. Ɗalibai na kira na in sun zo aikin bincike, wasu makarantu sun sayi hotuna sun liƙa a aji, wani mai ɗab'i ya karɓi goma sha biyu ya yi kalanda. Ina haɗawa da fasfo da ɗan bikin da ya samu. Cefane dai ba ya gagara, alhamdu lillahi, kuma ina barci.

Da kuɗin kalandar nan na sa mai fenti ya yi ƙananan alluna, bayan masu lambun sun amince, aka ɗaura kowanne a ƙarƙashin na kimiyya: sunan Hausa da boko, da kuma ajami, domin Baba almajiri ne, ya yi tsangaya. Ranar da aka kafa su ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kai fuska kusa, don yanar ido ta fara kama shi. Ya karanta hano, ya karanta kanya, ya karanta taura da tsada. A wurin ɗinya ya tsaya ya ce mai fenti ya ci wasali ɗaya, a gyara. Aka gyara.

Yanzu ya ajiye aiki, yana gida. Duk Juma'a bayan an sauko nakan je in gaishe shi, in kunna waya ina naɗar maganarsa, shi kuma yana lissafo itatuwa da abin da ake yi da kowanne. In na kai masa ganyen da ban sani ba, ba ya ma kallo, murzawa yake ya sansana. Na wuce itace tamanin da na haɗa wa hoto cikakke, daga ɓawo har ɗa.

Jemagen nan ne dai har yau ya gagare ni. Damina huɗu ina bin sa, abin da nake da shi fiffike ne, sai wata ƙafa, sai hoto ɗaya da ya juya mini ƙeya. Shekaranjiya na leƙa na ga kukar ta fara rataye ƙwanso. Na caja batir biyu, na karɓi hijabin a wurin matata, kuma tun jiya na kai wa mai gadi goro na gaya masa ranar da zan zo.